Tsuntsayen da Ba Sa Ɓatan Hanya: Abin da Muka Gani a Katsina da Daura

Mai kiwon tattabaru, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ganin tsuntsu ya komo gida daga nesa ya faɗa mana abin da ya gani. Kowane mai kiwo ya san cewa wanda ya sayi tsohuwar tattabara sai ya fige mata gashin fiffike ya tsare ta a ɗaki, in ba haka ba kafin ya farga ta koma inda ta fito. Na taɓa sayar da wasu a kasuwar Charanchi, aka tafi da su cikin kwando a rufe, amma gashin yana tsirowa sai ga namijin a bakin tukunyarsa. Na kuma lura cewa idan hazo ya yi kauri har rana ta ɓuya, tsofaffin suna dawowa, ƙananan ne suke ɓata.

Manomi, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu shamuwa ce shaidarmu. Tsamiyar da ke bayan gidanmu ba ta rasa sheƙarta ba tun ina yaro, kuma da zarar ta sauka gab da faɗuwar damina mukan ƙarasa sharar gona mu fito da iri. Bayan kaka sai ta tashi, ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Dattawanmu ba sa barin yaro ya jefe ta.

Malamar nazarin halittu, Katsina:
Baba, ɗalibaina sukan tambaye ni yadda tsuntsu yake gane hanya duk shekara idan shamuwa ta zo, kuma amsar da masana suka fi karkata gare ta tana cikin idon tsuntsu. A tantanin bayan idon akwai wani furotin mai amsar shuɗin haske da ake kira kiriftokurom, wanda aka fara ganowa a jikin tsiro a 1993. Idan haske ya faɗa kansa, sai ilektiron guda, wato ɗan mitsitsin ƙwayar lantarki, ya yi tsalle ya bar wurinsa, a samu ilektiron biyu marasa abokin zama, kowanne yana aiki tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa da yawa ba, biyun nan suna jujjuyawa tsakanin yanayi biyu, kuma maganaɗisun duniya, duk da rauninsa, yana iya rinjayar wanda za su fi daɗewa a ciki, kamar sikelin da ya daidaita har ƙwayar gero ɗaya take iya karkatar da shi. Saƙon da ido zai aika wa ƙwaƙwalwa ya danganta ke nan da inda tsuntsun ya juya kansa. Klaus Schulten ne ya kawo tushen wannan tunani a 1978, sannan a 2000 shi da Thorsten Ritz suka nuna kiriftokurom a matsayin wanda ya fi dacewa da aikin.

Malamin fiziks, Daura:
Malama, bari in ƙara abin da na gwada da hannuna. Idan na rataya allura mai maganaɗisu yadda za ta iya sunkuyawa, a nan Daura kusan kwance take tsayawa, alhali a Jamus sunkuyawa take sosai. Dalili shi ne muna kusa da layin da maganaɗisun duniya yake kwanciya daidai da ƙasa, wanda ya ratsa Najeriya. Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye, domin a 1972 Wolfgang da Roswitha Wiltschko na Frankfurt sun nuna cewa robin, ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji, ba ya bambance arewa da kudu yadda kamfas yake yi. Karkatar layukan maganaɗisun yake karantawa, ya gane inda ya nufi layin da ya raba duniya biyu da inda ya nufi ƙuryar arewa ko ta kudu. Tsuntsun da zai wuce kudu ta kanmu dole ya ratsa yankin da wannan ma'auni ba ya gaya masa komai, ya dogara da taurari da faɗuwar rana. A ganina, jami'o'inmu na arewa suna zaune a kan wurin binciken da ya cancanci kulawa sosai.

Mai gyaran rediyo, Katsina:
Masu tattabaru suna yawan ce mini dogayen ƙarafan sabis na waya ne suke ruɗa musu tsuntsaye. Malam, akwai gaskiya a ciki?

Malamin fiziks, Daura:
Binciken da aka wallafa a 2014 ya fi kusa da sana'arka. A Jami'ar Oldenburg, Henrik Mouritsen da abokan aikinsa sun ga robin ya kasa gane alƙibla a cikin bukkokin katako, amma da aka lulluɓe su da alminiyom aka haɗa shi da ƙasa sai ya gane. Abin da ya ruɗa shi raunanan igiyoyi ne irin na zangon rediyon AM da na kayan lantarki, ba na wayar salula ba. Wasu suna ganin da ɓarɓashin ƙarfe a jikinsa tsuntsu yake jin maganaɗisu. Igiyoyi masu rauni haka ba za su motsa ɓarɓashin ƙarfe ba, amma suna iya dagula juyin ilektiron, shi ya sa sakamakon ya ƙarfafa bayanin Malama.

Malamar nazarin halittu, Katsina:
Sai dai mu yi hattara game da tattabara. A 2021 masanan Oldenburg da Oksfod sun gwada furotin ɗin a ɗakin gwaji, ba a cikin tsuntsu mai rai ba, suka ga na robin ya fi na kaza da na tattabara jin maganaɗisu. William Keeton ya nuna tun 1971 cewa maganaɗisun da aka manna wa gogaggiyar tattabara yana ruɗa ta ne idan gajimare ya rufe rana, domin tana haɗawa da rana da ƙamshi da alamun ƙasa, abin da ya yi daidai da lurar mai kiwon tattabaru a kan hazo. Shamuwa kuwa da rana take tafiya, tana hawa iska mai zafi. Masu tafiyar dare su ne ƙananan tsuntsayen Turai da suke ƙetare Sahara, waɗanda za ku tarar suna farautar ƙwari a jikin gawo da rani, lokacin da yake da ganye.