Cougar 491: da sun sauka a ruwa da sun tsira?

Baban Ilham: Ni dai har gobe ina kan bakana, matuƙan nan biyu su ne da alhakin faɗuwar Cougar 491, helikwaftar da ke ɗauke da ma'aikatan mai a tekun Newfoundland na Kanada, ranar 12 ga Maris 2009. Man giyabos ya tsiyaye, littafin gaggawa na S-92, wato samfurin jirgin, ya ce a sauka nan take ko a ruwa ne, su kuma suka juya birnin St. John's inda suka taso, suka ci gaba da tafiya a tsayin ƙafa 800. Mutum 18 ne a jirgin, ɗaya tal ya fita da rai.

Injiniya: Haba Malam, ka san tekun Newfoundland kuwa a watan Maris? ruwan kusan daskarewa yake, helikwafta kuma nauyinta a sama yake, tana taɓa igiyar ruwa sai ta kife, wa zai ɗauki ma'aikatan mai ya zuba su ciki alhali injuna na aiki lafiya

Ummu Sadiq: Kuma agogon zafin mai bai tashi ba fa, shi ya ruɗe su suka ɗauka famfo ne ko sensa ta lalace. Ashe mai ne babu gaba ɗaya, sensar ba ta da abin aunawa.

Baban Ilham: To ai shi ya sa ake da littafi Hajiya. Mataimakin matuƙin ma ya faɗa wa kyaftin sun kai matakin sauka nan take. Ku duba 2012 a Tekun Arewa kusa da Birtaniya, helikwaftoci biyu samfurin EC225 suka sauka a ruwa kan matsalar giyabos, ɗaya mutum 14 ɗaya 19, ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Injiniya: Gaskiya ne wannan, amma ni inda ya fi min ciwo wani wuri ne. Ƙa'ida ita ce giyabos ya yi minti 30 ba mai, na S-92 a gwaji wajen minti 11 ya yi, duk da haka aka ba shi lasisi wai da wuya man ya zube duka. Kusoshin titaniyam na filtar man giyabos su suka karye, kuma sun taɓa karyewa a Ostireliya a 2008. Ka bar masu ba da lasisi ka kama matuƙi?

Ummu Sadiq: Wlh abin da hukumar bincike ta Kanada ta nanata kenan a rahoton 2011, a daina wannan rangwamen.

Baban Ilham: Na yarda da rabonsu na laifi. Amma wajen minti 10 bayan man ya zube farfelar wutsiya ta tsaya suka faɗo da ƙarfi, balan-balan ɗin da ke hana jirgi nutsewa ma bai buɗe ba. Da sun sauka da hannunsu tun jirgin na jin magana, da ko kwale-kwalen ceto sun samu shiga.

Injiniya: Allah ya kyauta, ni dai ba zan ɗora musu ba Malam.