Mun yi wata uku muna atisaye, mutum 26 suka zo kallo: yaya ƙaramar ƙungiya za ta sa a ji labarinta?

Ɗan Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum. Ina jagorantar wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo na daɓe a nan Zariya. Mu goma sha ɗaya ne, akwai malaman firamare biyu, da tela, da ɗalibai huɗu, sauran kuma masu ƙananan sana'o'i ne. Ba mu da ubangida, ba ma ƙarƙashin jami'a ko wata hukuma, duk abin da muke kashewa karo-karo ne.

A watan jiya muka nuna wasan da muka rubuta da kanmu a kan rabon gado, wato yadda ake danne wa mata da marayu rabonsu na gona bayan rasuwar maigida. Wata uku muka yi muna atisaye a wani aji bayan sallar La'asar. Muka kama hayar zaure mai kujera 200, muka ɗauko janareta, muka buga fosta muka manna a PZ da Ƙofar Doka da Samaru, sannan na kai takardar gayyata da hannuna gidajen rediyo biyu da ofishin wata jarida. Ranar wasa mutum 26 suka zo, fiye da rabinsu kuwa danginmu ne. Ɗan jarida ɗaya ya halarta, ya tashi tun wasa bai kai rabi ba, ya kira ni gefe ya ce a ba shi kuɗin mota, na ba shi abin da ke aljihuna, har yau kuma ban ga labarin ba.

Abin da ya hana ni karaya shi ne wata dattijuwa da ta zauna a layin gaba, tana share hawaye da gefen mayafinta, da aka tashi ta ce mini abin da aka nuna shi ne ya same ta shekara ashirin da suka wuce. Na san wasan yana da masu shi, hanyar isa gare su ce ba mu sani ba. Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan harka su nuna mana yadda ƙungiyar da ba ta da kuɗin talla za ta sa 'yan jarida su kula ta, jama'a kuma su zo.

Tsohon Edita, Kaduna

Wa'alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina zaune a irin teburin da takardarku ta je, saboda haka bari in gaya maka abin da ya same ta. Takardar gayyata da aka miƙa a ƙofa tana tafiya ofishin mulki ne, daga can kuma sau da yawa sai a tura ta sashen kasuwanci, domin a ganinsu duk wanda zai sayar da tikiti mai talla ne, ya kamata ya biya. Mutumin da ke haɗa shafin al'adu, ko furodusan da ke neman baƙon da zai cike masa minti goma a shirinsa, wataƙila bai taɓa ganin ta ba. Shi za ku nema da sunansa. Ku sayi jaridar, ku duba wanda yake sa hannu a shafin nishaɗi da adabi, ku saurari rediyo ku riƙe sunan mai gabatar da shirin, sannan ku je wurinsa.

Na biyu, gayyata ba labari ba ce. "Ƙungiya kaza za ta gabatar da wasa ranar kaza" sanarwa ce, edita kuwa yana samun irinta da yawa a kowane mako. Amma a cikin abin da ka rubuto na ga labarai biyu da ni kaina da zan tura wakili a kansu: tela da malaman firamare da suka yi wata uku suna haɗa wasa da kuɗin aljihunsu, da kuma batun gadon mata da marayu, wanda kotunan shari'a suke fama da shi kullum. Da kun gayyaci wani malamin fiƙihu ko lauya ya yi bayanin minti goma bayan an tashi wasa, da wakilin da ke bin labaran kotu ma ya sami dalilin zuwa, ba na nishaɗi kaɗai ba.

Ku sauƙaƙa wa ɗan jarida aikinsa. Ku rubuta shafi ɗaya kacal, jimlar farko ta ɗauki sunan wasa da abin da ya ƙunsa da wuri da rana da lokaci da kuɗin shiga, a biyo da maganar marubucin wasan guda ɗaya wadda za a iya ɗauka a buga yadda take, a ƙasa kuma lambar wanda zai amsa waya a kowane lokaci. Ku haɗa da hotuna biyu ko uku da aka ɗauka da rana a wurin atisaye, 'yan wasa cikin kayan wasa suna tsakiyar aiki, ba a jere suna kallon kyamara kamar hoton ɗaurin aure ba. Sau da yawa hoto mai kyau shi ke sa a buga labari, domin shafi yana bukatarsa. Ku yi takardar da Hausa da Turanci. Jaridar mako-mako irin Aminiya tana rufe shafukanta na ciki kwanaki kafin ta fito, saboda haka a aika da mako biyu, a kuma tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi.

Akwai dalilin da ya sa ba a bin wasan daɓe, ya kamata ku san shi. Ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa ta Kano daga dandamali suka fara, da suka koma bidiyo a 1990 sai 'yan wasa da 'yan kallo suka bi su, 'yan jarida ma suka bi. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta nuna cewa akwai masu sayen labarin 'yan fim, tun daga nan shafin nishaɗi ya zama na Kannywood. Matasan da ke rubuta shi yau da yawansu ba su taɓa zama sun kalli wasa a dandamali daga farko zuwa ƙarshe ba. Saboda haka ku gayyace su atisayen ƙarshe, inda babu hayaniya, su gani da idonsu, su yi hira da 'yan wasa.

Kuskurenku mafi girma a wajena shi ne nuna wasa rana ɗaya. Ko da an rubuta sharhi mai kyau, ranar da zai fito kun riga kun naɗe labule, wanda ya karanta ba shi da inda zai je. Gara ƙaramin zaure Asabar uku a jere da babban zaure sau ɗaya. Batun kuɗin mota kuwa, shawarata kada ku sake bayarwa. Wanda ya zo don ambulan ba don wasa ya zo ba, kun kuma ga abin da ya biyo baya.

Maman Zainab, Jos

Baba Edita ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ja hankalin ɗan'uwa kada ya haɗa abubuwa biyu da suka bambanta. Jarida ba ta cika zaure. Amfaninta shi ne shaida: ita za ka yanke ka ajiye, ka nuna wa shugaban makaranta ko ɗan kasuwan da kake neman ya ɗauki nauyin wasa na gaba. Ko a nan Jos, inda Patrick-Jude Oteh ya kafa ƙungiyar Jos Repertory Theatre a 1997, wadda ta riƙa shirya bikin wasan kwaikwayo da jaridun ƙasa suka ba da labarinsa, mu ƙananan ƙungiyoyi da ƙafa da baki muke tara 'yan kallo.

Ga abin da muke yi. Kowane ɗan ƙungiya yana karɓar tikiti goma mako uku kafin wasa, ya sayar hannu da hannu, domin wanda ya riga ya biya ko kaɗan ne ba ya son kuɗinsa ya tafi a banza, wanda ya ce "in sha Allahu zan zo" kuwa komai zai iya tsare shi. Ku goma sha ɗaya ne, kun ga kujera 110 ke nan tun ba a buga fosta ba. Sannan makarantu. Ɗaliban da ke rubuta adabin Hausa a WAEC da NECO suna karanta wasan kwaikwayo a littafi, mafi yawansu ba su taɓa ganin sa a tsaye ba. Malamin Hausa ɗaya da ya gamsu zai kawo muku aji guda, balle ku da kuke garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, mai sashen wasan kwaikwayo da dandamalinta da aka gina da laka tun shekarun 1970, ga kuma masu nazarin Hausa a manyan makarantun garin. Tunda wasan a kan gado ne, ku je wurin shugabannin Islamiyyoyin matan aure da ƙungiyoyin zawarawa, ku bayyana musu abin da ya ƙunsa, ku ware wa mata ɓangarensu na zama, ku kuma faɗi haka a cikin sanarwa, domin shi ne abin da maigida zai fara tambaya.

Lokaci ma talla ne. Mu muna farawa da zarar an idar da La'asar, mu tashi kafin Magariba, ba ma kuma sa wasa a yammacin da ake buga babban wasan ƙwallon Ingila, saboda matasa suna gidan kallo. Fosta ta bango ba ta da ƙarfin da take da shi a da. Ku ɗauki wurin da ya fi taɓa zuciya a wasan, abin da bai wuce daƙiƙa arba'in ba, sauti ya fita sosai, ku yanke shi daidai inda mai kallo zai so ya ji abin da ya biyo, ku rubuta wuri da rana a ƙarshe, kowa ya ɗora a WhatsApp da Facebook. Abu na ƙarshe, ku ajiye littafi a ƙofa, duk wanda ya yarda ya rubuta lambarsa. Mutum 26 ɗin nan da kuke rainawa, da kun riƙe lambobinsu, da su za ku fara kira a wasa na gaba.

Badamagare, Zinder

Gaisuwa ga manya. Mu nan Nijar teyatur muke ce masa, kuma a Damagaram rediyo da talabijin ne suka ɗaga shi, har irin su Yazi Dogo suka zama sanannu a ƙasa baki ɗaya. Daga nan muka koyi cewa gidan rediyo ba kuɗi kaɗai yake bukata ba, yana bukatar abin da zai sa wa masu sauraro. Ƙungiyarmu ba ta sayen talla. Muna zuwa rediyo mai zaman kansa ko na karkara mu ce za mu ɗaukar masa gajerun wasanni na minti biyar-biyar kyauta, shi kuma ya riƙa faɗin ranar wasanmu a ƙarshen kowanne. Sukan yarda, domin 'yan wasa masu murya ba su da yawa. Ranar jajibiri kuma muna ɗaukar mai shela da lasifika ya zaga unguwanni da bakin kasuwa, bayan mun gaida mai unguwa mun sanar da shi, wani lokaci ma 'yan wasa biyu su sauka su yi ɗan yanki a tsaye a gaban masu shayi.

A kan kuɗin mota ina da ɗan bambanci da Baba Edita, tare da girmamawa. Akwai wakilan da ake daɗewa ba a biya su ba, kuma da man babur ɗinsu suke zuwa. Sayen labari ba daidai ba ne, na yarda, amma idan mu muka kira mutum daga nesa, muna aika wanda zai ɗauko shi ya mayar da shi, mu ba shi ruwa da kujera mai kyau. Wannan karramawar baƙo ce, ba a kuma sa kuɗi a hannun kowa ba.

Tsohon Edita, Kaduna

Malam Badamagare, wannan da ka faɗa ban ƙi shi ba, ɗauko baƙo daban, ambulan daban. Na kuma yarda da Hajiya Maman Zainab cewa jarida ba ta cika zaure. Ko a Edinbara ta Sikotilan, inda ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka je suka yi wasanninsu a gefen babban biki a 1947, abin ya girma har yanzu ake nuna wasanni fiye da dubu uku a watan Agusta, 'yan wasa da kansu suke tsayawa a titi cikin kayan wasa suna miƙa wa masu wucewa takarda, domin masu sharhi ba za su iya kallon kowa ba. Ƙari ɗaya: ranar 27 ga Maris ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya, kuma a makon nan gidajen rediyo da jaridu suna neman wanda za su yi hira da shi. Idan ba wanda ya zo ya rubuta sharhi, ku roƙi wani malamin adabi ya kalla ya rubuta ra'ayinsa na gaskiya da sunansa, har da abin da bai yi masa ba, ya aika wa jarida. Editoci suna karɓar irin wannan.

Ɗan Tudun Wada, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa 'yan ƙungiya amsoshinku jiya bayan atisaye. Mun yanke shawarar sake nuna wasan a ƙaramin zaure mai kujera 80, Asabar uku a jere, mu fara a makon 27 ga Maris, an kuma raba wa kowa makarantar da zai je. Dattijuwar da na ambata maƙwabciyar ɗaya daga cikinmu ce, ta aiko cewa za ta zo da matan Islamiyyarsu. Malam Badamagare, ina da sauran tambaya: gajerun wasannin da kuke ba gidan rediyo, daga cikin babban wasan kuke yanko su, ko sababbi kuke rubutawa don kada mai sauraro ya ji ya riga ya san labarin?