Akwatin rajista ya ƙi buɗewa a fotal ɗin makaranta, ina zan duba a takardun Bootstrap?

ɗan_rikkos:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min. Wata makarantar kuɗi ce nan wajen Bauchi Road ta ba ni aikin fotal, inda iyaye za su shiga su duba sakamakon yaransu, na gama shafin shiga da teburin sakamako komai lafiya lau, amma akwatin nan da ke tasowa in an danna maɓallin sabon ɗalibi, wanda suke kira modal, wallahi ya ƙi fitowa kwata-kwata yau kwana uku. Daga bidiyon YouTube na kwafo kod ɗin harafi da harafi kuma a wajen mutumin yana aiki. Na buɗe takardun bayanin Bootstrap, wato shiryayyen kod ɗin tsara shafin yanar gizo da nake aiki da shi, sai na ji kamar na shiga kasuwar Terminus ta Jos ranar jajiberin sallah, ban san ta ina zan fara ba. Ranar Litinin mai makarantar zai duba aikin.

malam_kod:
Wa alaikumus salam. Turo mana layin maɓallin, da lambar Bootstrap ɗin da ka jawo a saman shafi.

ɗan_rikkos:
Ga shi malam: data-toggle="modal" data-target="#rajista". Lambar kuma 5.3 ce.

malam_kod:
To ai ga matsalar nan ƙanina. Bidiyon da ka bi na Bootstrap 4 ne, kai kuma 5 ka ɗora. Tun da 5 ta fito a 2021 suka cusa bs a tsakiya, yanzu data-bs-toggle ne da data-bs-target, har na rufewa ya koma data-bs-dismiss. Abin da ke ba mutum wahala shi ne ba za ta nuna maka wani jan rubutu ba ko ka danna F12 don duba kurakuran shafi, don burauza ba ta ɗauke shi kuskure ba, kawai ba mai sauraron tsohon sunan ne, shiru za ka ji. Kafin ka karanta komai a takardun kowace manhaja fara duba sama, akwai inda ake zaɓen siga, ka tabbata ta yi daidai da wadda ke cikin aikinka. Daga nan ka nemi shafin Migration, can suka jera duk abin da ya canja, za ka ga ml-3 na ba da tazara a gefe ma ya koma ms-3, kuma an daina buƙatar jQuery, wani kod ɗin JavaScript da 4 ta dogara da shi.

abba_gangare:
Ni dai da ni ne na koma 4 kawai na huta, tunda lokaci ya ƙure.

ummi_wuse:
A'a Abba, kar ka ba shi wannan shawarar, 4 ɗin ai an daina kula da ita tun farkon 2023, kuma gyaran nan bai fi minti biyar ba. Ɗan'uwa ni yadda nake yi a wajen aiki nan Abuja, ba na karanta takardun nan daga farko zuwa ƙarshe kamar littafin makaranta, gefen hagu nake zuwa in sauka kan Components in danna abin da nake nema, sai in kwafi misalinsu na farko in zuba shi a shafi fanko shi kaɗai, in ya yi aiki sannan in riƙa saka nawa ɗaya bayan ɗaya har in ga inda ya tsaya. In matsalar ta HTML ce ko JavaScript zalla, MDN nake zuwa, shafin bayanai na Mozilla. Amsar Stack Overflow kuwa, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, sai na duba shekarar da aka rubuta ta tukuna, wata amsar daidai ce amma a zamaninta. Sannan tunda data na tsada ka gwada DevDocs, kana iya sauke takardun a kwamfutarka ka karanta ko babu intanet.

ɗan_rikkos:
Alhamdulillah ya buɗe wallahi! bs ɗin nan kawai na ƙara a wuri uku. Allah ya saka da alheri malam, Anti Ummi na gode sosai. Saura jerin azuzuwan da ke saukowa daga sama shi ma ya ƙi, amma na ga a shafinsu sun ce yana buƙatar wani ƙarin kod mai suna Popper kuma yana cikin fayil ɗin bundle, bari in canja in gani bayan la'asar.