Sauya wa kwarkwaron zare wuri a firintar Ender 3: gefe ko baya?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Firintar 3D ce gare ni, Ender 3, har yanzu da estirudarta (na'urar da ke tura zare) ta asali mai tiyon Bowden, wato tiyon da ke kai zaren zuwa nozul, bakin da narkakkiyar roba ke fita. Kantar da za ta zauna tsayinta santimita 55 ne, ita kuwa firintar da kwarkwaron zare a ka ta fi haka. Ina so in sauko da shi. A ina ya fi dacewa, kuma me zan tanada? Zaren roba nau'in PLA nake bugawa, mai kilo 1, kaurin milimita 1.75.

Makerin_Roba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mayar da shi gefen hagu idan kana fuskantar firintar, domin can estirudar take. Abin dubawa shi ne hanyar da zaren zai bi ya shiga bakin estiruda, inda za ka kafa mariƙi kuma sai ya biyo baya. A Ender 3 estirudar tana maƙale da sandar X, wato sandar kwance da nozul ke zirga-zirga a kanta, saboda haka tana hawa tare da ita har milimita 250. Kusurwar da ka gani daidai a hawa na farko ba ita za ka samu ba idan aikin ya yi tsayi.

Ga yadda ake yi. Kwance mariƙin da ke sama. Sukurori biyu ne M5 da notocinsu masu shiga kwarmin firam, ka adana su. Sai ka buga wani mariƙin da zai kama ƙafar firam ta hagu, wato alminiyon nan mai milimita 40 sau 40. Ka yi masa bango aƙalla hawa huɗu da cikon kashi 40 cikin ɗari, kuma ka kwantar da shi a kan faranti lokacin bugawa yadda nauyi ba zai riƙa raba hawa da hawa ba. Mariƙin da aka buga a tsaye, daga gindi yake ɓallewa. Kwarkwaro mai kilo 1 faɗinsa kusan santimita 20 ne, don haka sandar da zai rataya ta ɗaga sama da santimita 11 daga tebur, in ba haka ba zai riƙa gogar ƙasa. Zaren ya fito ta saman kwarkwaro, kuma a bar tazarar kamar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsa da estiruda. In ya matso da yawa, lanƙwasar takan yi tsanani idan sandar X ta kai sama, PLA kuwa da ya kwana biyu a buɗe ba ya jure lanƙwasa, karyewa yake yi.

Kafin ka buga komai, saka zaren, ka umarci Z (motsin sama da ƙasa) ta hau daga 0 zuwa 250 kana kallo. Wurare uku za ka sa wa ido: kada zaren ya taɓa sandar sukurun Z, domin zai kwashi giris ya kai nozul, kada ya harɗe da wayoyin moton X da na estiruda, sannan ramin shigar zare. Estirudar asali ta roba ce, zaren da ke shiga a karkace yana cin bakin ramin sannu a hankali har ya yi masa kwari. Guntun tiyon PTFE (roba mai santsi) na santimita 3 zuwa 5 a bakin ramin yana maganin wannan.

Injiniya_Z:
Na yarda da Malam Maƙeri a kan gefen hagu. Baya ba ya yi a kanta mai ƙunci, domin faranti da wayarsa suna kai da komo ta can.

Abin da zan ƙara shi ne batun boris. Mutane na son saka boris mai lamba 608 guda biyu, masu milimita 8 a ciki, 22 a waje, kauri 7, don kwarkwaro ya juya ba tirjiya. Yana da amfani, amma idan santsin ya yi yawa, estiruda ta fizga sau ɗaya sai kwarkwaron ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. Zaren ya saki, zagaye ɗaya ya zame ta gefe ya naɗe a sanda, ko ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa. Da sabon kwarkwaro cikakke aka fi ganin haka. Gwajin mai sauƙi ne: ja zaren da hannu ka saki, in ya wuce rabin zagaye bai tsaya ba, sa masa birki. Ɗan ƙyalle ko washa ta roba da za ta riƙa shafar gefensa ta isa.

Akasin haka ma matsala ce. Idan jan ya yi nauyi za ka ji estiruda na ƙas-ƙas, ka ga garin roba a haƙoran giya, bangon aikin kuma ya fito da ramuka. Ya fi bayyana idan zare ya kusa ƙarewa, saboda naɗin ciki ƙarami ne, ƙarfin da ake buƙata a juya shi ya ƙaru. Kada ka ɗora laifin a kan nozul kafin ka duba nan.

Hajiya_PETG:
Sabon_Hannu, tunda a kanta za ta zauna, akwai wata hanya: ka raba kwarkwaron da firintar gaba ɗaya. Sa shi cikin akwatin roba mai murfi da ke rufuwa ruf, da silika mai tsotse danshi giram 200 zuwa 300 a ƙasa. Huda jikin akwatin, ɗaura mahaɗin tiyo PC4-M10, ka ja tiyon PTFE daga nan zuwa estiruda. Sharaɗi biyu ne. Tiyon ya zama mai milimita 4 a waje, 2.5 ko 3 a ciki, ba mai 2 da ke zuwa nozul ba, domin matsattsen rami yana ƙara gogayya. Kuma duka bakunan biyu su kasance a ɗaure. Tiyon da bakinsa ɗaya ke lilo, zare janyo shi kawai zai yi. Kada ya wuce santimita 60 zuwa 80, kuma a bar shi ya yi baka mai faɗi, ya ishi hawan Z har ƙarshe.

Kwarkwaron da ya sauko kusa da tebur ya fi kwasar ƙura, balle da hunturu. Ko ba ka yi akwati ba, tsaga guntun soso ka maƙala shi a zaren kafin estiruda, busasshe, ba mai.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wata tambaya: an ce sauko da shi yana gyara kyawun bugu, gaskiya ne? Kuma idan daga baya na mayar da estirudar kan nozul kai tsaye, gefen zai ci gaba da yi?

Injiniya_Z:
Kilo ɗaya a ƙololuwar firam yana ƙara girgiza, amma a gudun milimita 50 a daƙiƙa bambancin kaɗan ne. In kana ganin inuwar layuka bayan kusurwa, fara da ɗaure bel da tayoyin.

Ta biyun kuwa, a'a, ba haka kawai ba. Estirudar da ke kan nozul tana yawo hagu da dama, zaren da ke zuwa daga gefe zai riƙa jan kan, layukan su fito ba daidai ba. A nan dole ka yi tiyon da Hajiya ta bayyana, ka ɗaure bakinsa ɗaya a saman firam ko a akwati, ɗayan a estiruda, ka kai kan ƙarshen dama da Z a ƙasa ka tabbatar tiyon bai miƙe ba.