Jarumina ya maƙale tsakanin ƙaddara da zaɓi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa marubuta. Na cije a babin ƙarshe na littafina. Jarumin zai rasa komai saboda ya tsaya wa ƙanensa a kan bashi. Waɗanda suka duba min rubutun sun ce kamar 'yar tsana yake: masifa na faɗo masa, shi kuwa ba abin da yake cewa sai "haka Allah ya rubuta".

Na saka mafarki a farko don ya haska abin da ke tafe, sai ya tona ƙarshen tun da wuri. Na cire shi, na ba jarumin taurin kai, har matarsa ta riƙe masa hannu lokacin da zai sa hannu a takardar, ya fizge. Yanzu kuma cewa suke shi ya jawo wa kansa, tausayinsa ya fita ransu, ƙaddarar ma ta ɓace. Wannan ya fi ci min rai, don a ganina ta cikin halin mutum ƙaddara take bi.

Yaya zan gina wannan fage, ya zaɓa da kansa, amma mai karatu ya ji ba makawa sai hakan ta faru?