Ɗan Chadi zai shiga jami'ar Ngaundere, me zai tanada?

Ɗan Lamardo: Salamu alaikum. Yaron da ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Njamena, yana son jami'ar Ngaundere ta Kamaru, waɗanne takardu zai haɗa, nawa kuma ake biya?

Malam na Dang: Wa alaikumus salam. Ɗan ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, har da Chadi, kuɗinsa ɗaya da na ɗan Kamaru: sefa 50,000 a shekara a tsangayoyin gama-gari. Manyan makarantun da ake shiga da jarrabawar gasa lissafinsu daban. Ya fara rajistar farko ta intanet, sannan ya kai takardar haihuwa, takardar cin bak da ta makinsa, kowacce da hatimin hukuma, da hotuna. Abin da ya fi kayar da yara shi ne rubutun suna: Mahamat a wannan takarda, Mohamed a waccan, sai a ajiye fayil ɗin gefe. A gyara tun a gida. Rasidin biyan kuɗi kuwa ya yi masa kwafi biyu.

Hajiya Kusiri: Ƙari kaɗan, Malam. Kafin ya haye gadar Ngeli, iyakar Chadi da Kamaru, ya riƙe katin shaidarsa da katin allurar shawara. Jami'ar kuma ba cikin gari take ba, tana Dang, kusan kilomita 15. Can zai kama ɗaki, da wuri, ya duba rijiya da wuta kafin ya biya. Ya zo da bargo, sanyin Adamawa ba irin na Njamena ba ne.

Ɗan Lamardo: Allah ya saka da alheri. Jami'ar Marwa fa?

Malam na Dang: Ta fi kusa da gida, kuɗin ɗaya ne. Ya fara duba ko akwai fannin da yake so.