Me za mu kira rubutun da ke bin magana a taron intanet?

Jama'a, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar mata da Hausa. Duk wanda ya taɓa shiga taro ta Zoom ko Google Meet ko Microsoft Teams ya san idan aka danna wani maɓalli, abin da ake faɗa sai ya riƙa fitowa a rubuce a kan allo, mai magana na yi, rubutu na biye da shi. Da Turanci captions ake ce masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani. Ga kurma, ko dattijon da kunnensa ya yi nauyi, wannan rubutun shi ne ƙofar shiga taron. To abin da ba shi da suna a bakinmu, ta yaya mai buƙata zai nema, ta yaya mai shirya taro zai tuna ya tanada?

Abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane shi ne "fassara", saboda sabo da rubutun da ke ƙasan fim. Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Fassara juya magana ce daga wani harshe zuwa wani, kuma an yi ta ne domin wanda kunnensa ke ji amma bai san harshen ba. Kurman da ke cikin taro ya san harshen sarai, sautin ne bai kai gare shi ba. Idan muka ce fassara, mai shirya taro zai ce ai kowa na jin harshen da za a yi, sai ya bar abin a kashe.

"Rubutun ƙasa" kuwa wurin zamansa kawai ya faɗa, bai faɗi aikinsa ba.

Wanda ya fi kusa shi ne "rubutun magana", kuma na daɗe ina juya shi. Sai dai ku dubi wannan. Mutum uku na muhawara, ɗaya ya yi wata magana, kowa ya fashe da dariya, sannan shugaban taro ya katse shi. Idan kalmomi zalla aka rubuta, kurma zai ga jimloli na sauka ɗaya bayan ɗaya, bai san wa ya faɗi wanne ba, ya ga fuskoki sun washe bai san dalili ba, wataƙila ma ya ɗauki wasa a matsayin shawarar da aka yanke. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ke fitarwa, suka ce wannan rubutun ya haɗa da bayyana mai magana, da dariya, da kiɗa, da duk wata ƙara mai ma'ana. Tun bugun 2008 aka sa shi cikin sharuɗɗa har ga abin da ake watsawa kai tsaye. Ke nan magana ɓangare ce kawai ta abin da ake rubutawa.

Don haka ni na tsaya a kan "rubutun sauti". Yana ɗaukar magana, yana ɗaukar tafi da dariya, kuma yana zama daidai a jimla: kunna rubutun sauti, kashe rubutun sauti, rubutun sautin ya makara. Yana kuma ba mu damar rarrabe iri biyu. Akwai na na'ura, wanda Zoom ya buɗe wa masu amfani da shi kyauta a 2021, mai sauri amma mai yawan tuntuɓe a kan sunaye da lambobi, musamman idan mutum biyu suka haɗa baki. Akwai kuma na mutum, wanda ƙwararren marubuci ke bugawa nan take.

Wata alfarma guda nake roƙo: kada wannan suna ya haɗiye maganar hannu. Kurame da yawa ita ce harshensu na farko, karatu da sauri kuma yana gajiyar da su. Tafintan maganar hannu buƙata ce daban, da sunanta daban, kuma hotonsa ya kamata a kafe shi a kan allo kada ya ɓace idan an nuna takarda.

'Yan'uwa kurame da ke karanta wannan, ku ne masu amfani da abin kullum, hukuncinku ya fi nawa. Ga yadda zai fito a takardar gayyata, ku gwada ku gani ko ya zauna: "Taron yana da rubutun sauti kai tsaye da tafintan maganar hannu. Kowa ya faɗi sunansa kafin ya fara magana."